Tambaya da Amsa: Kuɗin Mota a Rubuce ko a Baki?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan cinikin mota, musamman a filayen sayar da motoci waɗanda uba ya kafa, 'ya'ya da ƙanne kuma suke tsaye a kai. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma cire sunayen mutane da na wuraren ciniki.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya fi shekara 30 yana sayar da motoci a Kano. Yanzu girma ya kama shi, ni da yayyena biyu muke tsaye a filin, shi kuma yakan leƙo bayan la'asar. Abin da yake damuna shi ne mota ɗaya takan sami kuɗi uku a yini guda, gwargwadon wanda mai saye ya tarar a cikinmu da kuma irin suturar da ya shigo da ita. Kwanan baya wani ma'aikaci ya sayi mota a hannun babban yayana, daga baya ya ji cewa ni na taɓa sallama wa abokinsa ita da ragin naira 400,000, sai dai abokin bai kawo kuɗi ba. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa mu ba. Na kawo shawarar mu riƙa rubuta kuɗin kowace mota a gilashinta, amma Alhaji ya ce ba a ciniki da alli, kuma dala ba ta kwana inda ta yini. Shin ni ne ban fahimci kasuwa ba? (Wani matashi, daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Alhaji ya ba ka dalilai biyu, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma ya kamata ka raba su kafin ka sake tunkarar sa.

Maganar dala gaskiya ce, kuma duk wanda ya riƙe filin mota a 'yan shekarun nan ya ji ta a jikinsa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata daraja, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da yake hukumar kwastan da canjin dala take lissafa kuɗin fito, sau da yawa motar da aka saya a Amurka da lissafi ɗaya takan iso tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas ta tarar da wani lissafin dabam. Mai sayar da mota ba abin da ya kashe jiya kaɗai yake dubawa ba, yana duba abin da zai kashe gobe kafin ya mayar da irinta filin, domin wanda ya sayar da riba a takarda amma kuɗin ba su isa su sayo madadinta ba, jarinsa yake ci bai sani ba. Wannan shi ne tsoron mahaifinku, kuma yana da hujja. Sai dai maganinsa bai wuce a rubuta kwanan wata a ƙarƙashin kuɗin ba, a kuma tsayar da ranar da ake sake duba farashi, misali kowace Litinin ko duk lokacin da kwastan ta sauya canjinta. Mai sayen da ya ga an rubuta cewa wannan kuɗi yana nan har ranar kaza ya san inda ya tsaya, kuma idan ya dawo bayan wa'adin ya tarar da ƙari, ba zai ce an yi masa wayo ba.

Dalili na biyu, wato cewa rubutu yana kashe ciniki, shi ne ban yarda da shi ba. A Amurka, inda yawancin motocinku suke fitowa, tun 1958 doka ta wajabta a manna wa kowace sabuwar mota takardar da take nuna kuɗin da kamfani ya sa mata, amma har yau ana tayawa ana ragi a wurinsu. Rubutu yana nuna inda ciniki zai fara ne kawai, ba ya hana a ce albarka, ba ya hana a ƙara, ba ya hana a sallama. A nan gida ma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta buƙaci mai baje haja ya nuna kuɗinta a fili, ta kuma buƙaci a sanar da mai saye idan kayan na hannu ne ko an yi musu kwaskwarima. Ƙarancin masu bin wannan doka a filayen mota bai shafe ta daga littafi ba.

Amma ciwon gidanku ya fi rashin alli zurfi. Ku uku ne, kowannenku yana da ƙarshen sallamarsa a zuciyarsa, shi ya sa ma'aikacin nan ya ji an cuce shi ko da yayanka bai yi masa ƙarya ba. Abin da za ku fara yi, tun kafin a taɓa gilashi, shi ne buɗe wa kowace mota shafinta a littafi guda: kuɗin sayenta a gwanjo, kuɗin jirgin ruwa, kuɗin fito, ladan ejan da ya fito da ita, kuɗin tirelar da ta hauro da ita daga Legas, abin da bakanike da mai fenti suka karɓa, sannan rabonta na hayar fili da albashin maigadi. A ƙarƙashin wannan jimla a rubuta lambobi biyu, kuɗin da za a faɗa wa mai saye da kuma ƙarshen sallama, a yi yarjejeniya cewa babu wanda zai sauka ƙasa da na biyun sai da yawun Alhaji. Kada kuma tazarar da ke tsakanin lambobin ta yi faɗi. Filin da yake fara magana daga miliyan 12 ya ƙare a miliyan 9 yana koya wa jama'a ne cewa maganarsa ta farko ba abin kamawa ba ce, kuma mai kunya da mace da baƙo, waɗanda ba su iya ja-in-ja ba, su ne suke biyan ragin da aka yi wa mai bakin ciniki.

Game da duba sutura kuwa, ban da rashin adalcin da ke cikinsa, lissafi ne mai yawan kuskure, domin a Kano attajirin da zai kwashi motoci uku a zama ɗaya yakan shigo da silifa da hula taɓa-ni-ka-ji-hadisi, mai babbar riga kuma ya zo da rancen ofis.

Wani abu da yake tsorata 'yan kasuwa idan an ce a fito da farashi fili shi ne zaton cewa sai sun bayyana uwar kuɗi da ribarsu. Ba haka ba ne. Malaman fiƙihu sun bambanta cinikin musawama, inda ake daidaitawa a kan kuɗi ba tare da an ambaci yadda aka sayo ba, da cinikin murabaha, inda mai haja yake faɗin abin da ya kashe da ribar da ya ɗora, irin wanda bankin Jaiz yake yi wa masu neman mota. Duka biyun halal ne. Kana da damar yin shiru a kan uwar kuɗinka, amma da zarar ka buɗe baki ka ambace ta, ta zama amana, kuma dole ta kasance gaskiya. Saboda haka kalmar nan da ta zama ruwan dare a filayen mota, wato "wallahi ko uwar kuɗi ba ka kai ba", ita ce ta fi cancanta a kore ta daga gidanku, domin hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Haka nan al'adar sa yaro ya zo ya taya motar da kuɗi mai yawa a gaban mai saye, ko a ɗaga wayar ƙarya a ce wani yana hanya da kuɗinsa, ita ce najashi, kuma Annabi (SAW) ya hana ta.

Saura yadda za ka shawo kan Alhaji. Kada ka kai masa maganar a gaban yaran fili, kada kuma ka kai ta da sigar cewa zamaninsa ya wuce, domin da wannan salon nasa ya ciyar da ku ya aurar da ku. Ka fara da babban yayanka, ku daidaita a kan littafin, sannan ku roƙi Alhaji ya ba ku izinin gwada rubutun a kan motoci biyar na wata biyu, ya ga yadda za su tashi. Shi kuma ma'aikacin da ya yi fushi, ku je har gida ku da yayanka ku yi masa bayani, in da hali ku ɗauke masa juyen mai da gyaran farko, domin mutum ɗaya da ya fita da ɓacin rai daga filin da ake kira da sunan mahaifinku zai ba da labarin a ofis da masallaci da majalisa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce, na yi shekaru ina adashi don in sayi mota. Wani dillali da ƙanin mijina ya haɗa ni da shi ya kai ni wani fili na 'yan gida ɗaya, aka yi ciniki naira miliyan 6 da dubu 800, na biya shi la'ada a kai. Daga baya na gano cewa masu filin miliyan 6 da dubu 300 suka karɓa, sauran na dillalin ne da wasu mutum biyu da ban taɓa gani ba. Masu filin sun ce ba ruwansu. Haƙƙina yana kan wa? (Wata malama, daga Zariya)

Amsa: Malama, Allah ya mayar miki da alheri. La'adar dillali halal ce, tsohuwar sana'a ce a kasuwanninmu tun daga Kurmi har kara, amma sharaɗinta shi ne wanda zai biya ya san nawa ce kuma ya yarda. Dillalin da ke kika ɗauka, ya tsaya a matsayin wakilinki, ya karɓi ladansa daga hannunki, ba shi da ikon ya ɗora wani abu a ɓoye a kan kuɗin motar. Wannan naira 500,000 haƙƙinki ce, kuma a wurinsa za ki fara nema. Da mai motar ne ya ce masa ya sayar a kan kaza abin da ya hau nasa ne, da malamai suna da maganganu a kai, amma ba wannan ne ya faru da ke ba, tun da ya ci ta gaba ya ci ta baya. Mutum biyun da ba ki gani ba kuwa su ne 'yan kayi-nayi, waɗanda aikinsu bai wuce wannan ya kira wancan a waya ba, kowa kuma ya ɗora nasa.

Cewar masu filin ba ruwansu ba ta gamsar da ni ba. Idan a gabansu aka ambaci miliyan 6 da dubu 800 suka yi shiru, ko suka rubuta wannan adadi a rasit alhali ba shi suka karɓa ba, sun taya shi rufe miki ido. Ko ta fuskar kasuwa ma asara suka yi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, domin dillali ya tafi da ribar, su kuma an bar su da sunan masu tsada. Filin da yake son mutuncinsa yakan karɓi kuɗi ta asusun kasuwancinsa kai tsaye daga mai saye, ya rubuta a rasit abin da ya shiga hannunsa daidai, la'ada kuma a rubuta ta a layinta dabam da sunan wanda ya biya ta.

Ki nemi ƙanin mijinki ya zaunar da dillalin tare da shugabannin ƙungiyar dillalan wurin, ki riƙe rasit ɗinki da shaidar tura kuɗi ta banki. Sau da yawa a nan ake warwarewa, domin dillali ya fi tsoron a hana shi shiga fili fiye da sammaci. In hakan bai yi ba, kotu tana nan.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ga Toyota Corolla guda biyu a filaye biyu, an ce mini duka ƙirar 2012 ce, launi ɗaya, amma tsakaninsu akwai kusan naira miliyan 2. Mai tsadar ya ce tasa ta fi, mai arahar ya ce wancan zalunci yake yi. Ta yaya zan gane wane farashi ne na gaskiya? (Wani ɗan kasuwa, daga Gusau)

Amsa: Alhaji, yana yiwuwa duka biyun na gaskiya ne, yana kuma yiwuwa mai arahar ce ta fi tsada. Kuɗin motar hannu ba ya da ma'ana sai an haɗa shi da tarihinta, saboda haka ka bar tambayar nawa, ka fara da tambayar mene ne.

Ka nemi lambar VIN, wato lambar shaidar da kamfani yake ba kowace mota, wadda take da harufa da lambobi 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, ka tabbatar ta yi daidai da wadda ke takardu. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, alama ta goma ita take nuna shekarar ƙira: 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B 2011, C kuma 2012. Wannan yana da amfani ƙwarai a kan irin motar da kake nema, domin an sauya wa Corolla fuska a 2011, kuma masu gyara sun ƙware wajen ɗora wa ta 2009 fitilu da bamba na sabuwar su sayar da ita a kuɗin ta 2012. Da wannan lamba kuma za ka iya sayen rahoton tarihin motar daga kamfanoni irin su Carfax, har ma wani lokaci a ga hotunanta a intanet ranar da aka yi gwanjonta a Copart ko IAA, inda kamfanonin inshora suke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Motar da ta yi haɗari aka gyara ba haramun ba ce a sayar, kuma da yawansu suna aiki lafiya, amma kuɗinta ba ɗaya ba ne da na wadda ba a taɓa bugawa ba, kuma wajibi ne a faɗa.

Ka je da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda fili ya ba ka ba. Ya ɗaga shimfiɗar but ya duba ramin safaya ko akwai busasshiyar laka, ya leƙa ƙarƙashin kujeru ko ƙarafunansu sun yi tsatsa, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya ga ko akwai zanen ruwa, domin waɗannan su ne wuraren da mai wanke motar ambaliya yakan manta. Ya kunna makulli ya ga fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, tun da wadda ba ta kamawa sam galibi cire ƙwanta aka yi. Ya shiga ƙarƙashi ya duba ko matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda makanikai suke kira indomi, tana nan ko an yanke ta an sayar. Agogon tafiya kuma kada ka gaskata shi shi kaɗai, ka gwada shi da cinyewar robar birki da sitiyari, ka kuma tuna cewa motar Amurka da mil take ƙirga, mil 100,000 kuwa kilomita 160,000 ne da 'yan kai.

Sai takardun kwastan, waɗanda su kaɗai suna iya cike tazarar da ka gani. A tsarin da aka sanar a 2022, an ɗora wa motar hannu kashi 20 cikin 100 na fito da ƙarin kashi 15 na haraji, ban da harajin VAT na kashi 7.5, kuma a shekarar ce hukumar ta fara ƙayyade ƙimar mota ta hanyar lambar VIN. Haramcin shigo da motoci ta iyakokin ƙasa kuwa ya fara aiki ne ranar 1 ga Janairun 2017. Motar da ta biyo ta daji, ko wadda aka biya mata fito ƙasa da ƙima, tana da araha a fili, amma ranar da jami'ai suka tsayar da kai a hanyar Funtuwa kai za ka biya cikon, in ma ba a riƙe motar ba. Ka kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Filin da ya cancanci kuɗinka shi ne wanda zai faɗa maka aibin da bakinsa kafin bakanikenka ya gano, ya kuma yarda a rubuta shi a takardar ciniki a gaban shaidu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta lissafa ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki, kuma mai sayen da aka ɓoye wa yana da zaɓin mayar da haja. Wanda aka faɗa wa kuwa ya saya da saninsa, ba shi da ƙorafi daga baya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tambaya: Malam, ni da ƙannena muka gaji filin mota daga mahaifinmu. Tambayata biyu ce. Ya halatta kuɗin bashi ya fi na kuɗi hannu? Sannan ɗaya daga cikinmu yana yawan yi wa surukansa da abokansa ragi mai yawa, mu kuma muna jin nauyin yi masa magana. (Wani magidanci, daga Sakkwato)

Amsa: Malam, mafi yawan malamai sun halatta kuɗin bashi ya fi na hannu, da sharaɗin a tsayar da adadi ɗaya da wa'adi sananne kafin a rabu, kada a tashi a kan "in ka biya yanzu kaza, in ka jinkirta kaza" ba tare da an zaɓi ɗaya ba. Bayan an ƙulla kuma ba a ƙara ko sisi saboda jinkirin biya, domin wannan ƙarin shi ne kuɗin ruwa da aka haramta. Ku rubuta kuɗin biyu a gefen juna, mai saye ya ga bambancin da idonsa.

Ragin ƙaninka kuwa alheri ne, amma da dukiyar mutum uku ko huɗu yake yin sa, ciki har da rabon mata da marayu in akwai su a gadon. Ba sai kun hana shi ba. Ku zauna ku tsayar da ƙarshen sallamar kowace mota, ku amince cewa duk wanda ya sauka ƙasa da shi don wani nasa, za a rubuta bambancin a shafinsa a cire daga ribarsa ranar rabo. Ka fara ɗora dokar a kanka a gabansu, kuma idan akwai ƙanin mahaifinku a raye, ku sa shi ya zama shaidar zaman.